Fiton Baban Balkisu

Shekara tara ke nan da muka kai Baban Balkisu makwancinsa a nan Madina. Ni ban yi boko ba, ƴata Balkisu ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce kada ta gyara min ko kalma ɗaya.

Mijina Malam mutumin tsaunukan Mambila ne, a kurmin can ya girma. Akwai wani tsuntsu mai doguwar jela a kurmin, kullum ana jin kukansa amma ba a ganinsa. Shi kansa sau biyu kacal ya taɓa sa shi a ido. Kukan tsuntsun nan shi ya mayar fitonsa. In ya taso daga shagonsa na ɗinki a Bi'ir Ali, tun daga bakin lungunmu a Harra ta Gabas zai yi shi, na tashi na zare sakata.

Da yaranmu suka fara amsa mana da Larabci, na yi ta faɗa. Sai ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Tsuntsun nan a sheƙar wani yake saka ƙwai, wani ne ke ciyar da ɗan. Amma in ya girma, kukan ubansa yake yi."

To, Malam, ga shi sun girma. Ina kukan?

Ƴaƴa huɗu, jikoki bakwai, ba mai iya fiton. Da na yi ƙorafi, autana Hamza, mai aikin kantin magani, ya laluba wayarsa ya miƙo min. Ya kira ni da "mama" irin ta Larabawa: "Yumma, ga kukan tsuntsun, har da hotonsa." Tsuntsun da ubansa ya sha kutsawa cikin ciyawa kafin ya gani! Na saurara. Tsuntsun ne, ba shakka. Amma Malam yakan ja ƙarshen, ya ɗan karya shi, don na san shi ne a ƙofa. Wannan waya ba ta da shi.

Ni ma da laifina. An tashe mu a kan mace ba ta yin fito, na riƙe wannan da girman kai shekara arba'in. Sau nawa ya ce zo na koya miki, na ce Allah ya kiyaye?

Yau a kunnena kaɗai fiton ya rage. Shekaranjiya na rufe ƙofar kicin na gwada. Haƙora sun zube, iska ce kawai ta fita.

Na ce Hamza ya zo ranar Juma'a, ya bar wayar a mota. Zan rera masa da murya, ya yi ta gwadawa har sai na ji na tashi zan zare sakata.

Allah ya jiƙanka, Malam.