Mashkura Mai Jan Kebul

A Uke aka haifi Mashkura, a gidan mai gyaran rediyo, kuma tun tana ƙarama ba abin da ke kwana a ɗaure in ta samu sukundireba. Da ta girma ta shigo Abuja, ta yi shekaru tana jan kebul a ƙarƙashin wasu, su ake yabo, ita ke shan ƙurar silin. Aikin farko da ta karɓa da sunanta shi ne haɗa wayoyin tebur masu aiki da intanet a wani kamfanin sayar da tikitin jirgi a Wuse.

Ba a je ko'ina ba wayoyin suka fara mutuwa, kullum da hantsi. Manajan, Oga Kingsley, ya kira ta.

"Madam, aikinka ba kyau. Kwastoma yana kira, ba ya shiga. Monday zan kawo wani."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. A Abuja, in aka sake aikinka, labarin kan riga ka isa ofis na gaba. Ta gwada kebul, lafiya lau. Sai ta ja kujera ta zauna a lungu, ta zuba ido.

Ashe ma'aikatan daga Nyanya da Mararaba suke zuwa, inda wuta sai ta ga dama, kowa da matacciyar salularsa. Soket kuwa ɗaya ne a kowane tebur. Da an tada janareta sai hannuwa su zurma ƙasa, a zare filogin wayar ofis, a soka caja. Har da Prudence mai karɓar baƙi, wadda ta fi kowa ƙorafi.

Mashkura ba ta kai ƙarar kowa ba. Ita ma ta san zafin mutuwar batir. Ta kawo akwatin rarraba intanet mai tura wuta ta cikin kebul ɗin kansa, ta jona shi da inbata mai ajiye wuta a batir, ta kwashe filogan wayoyin kaf ta zuba a kwali.

"Yallaɓai, yanzu igiya ɗaya ke kawo magana da wuta. Soket kuma na bar wa masu caji."

Ran Litinin Oga Kingsley ya zo da mutumin nasa. Suna tsaye aka ɗauke wuta, ofis ya yi duhu, sai ga wayar teburin Prudence ta ɗau ƙara, ta kusa da ita ma ta kama. Mutumin ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Oga, ba ni da aiki a nan. Amma a ba ni lambar wanda ya yi wannan."

Daɗi ya kama Mashkura har ta kasa ɓoye shi. Ta matso ta karanto masa lambar da bakinta.