Yaya Mudassir da Ƙarar Siton Hatsi

Daga Allah muke, gare shi kuma ka koma, Yaya Mudassir, ranar Laraba 14 ga Mayu, 2025, a gidanka na Jibiya, bayan gajeriyar jinya. Ni ƙaninka Shamsu, har yau zuciyata ba ta kwanta ba.

Mutane sun tuna alherinka. Lokacin da aka rufe iyaka, direbobin Maraɗi da suka maƙale, a zaurenka suka ci tuwo. Amma a zaman makoki babu wanda ya ambaci Ummaru, ɗan dakon nan na Maraɗi da rufin kankaren siton hatsi ya faɗo masa a kasuwa, ya yi ajalinsa.

Kai ka gano cewa mai zanen da ya buga hatiminsa a kan tsarin ginin bai taɓa taka wurin ba. Kai ka kai ƙararsa hukumar da ke ba masu zanen gine-gine lasisi, alhali ƙanin matarka ne, Lawal. Dattawa suka ce a bar wa Allah, Ummaru baƙo ne. Ka ce, "Baƙon ma uwa ta haife shi." Surukanka suka daina zuwa gidanka. Matarka Aunty Bilki ta sha kuka tsakanin miji da ƙane. Taurin kanka, Yaya, tun muna yara ko jaki sai ya sallama maka.

Ranar sadakar uku Lawal ya zo, ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaske ne. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Shamsu, mai ƙara ya tafi. A rufe maganar nan tare da shi, zumunci ya huta." Sai ga Tsahara, matar Ummaru, ta tsallako iyaka da goyo don ta yi gaisuwa. Ta ce da ni, "Shi kaɗai ya tambayi sunan ɗiyana."

Jiya na bi ta siton. Rabin da bai faɗi ba yana nan da tsagarsa, an cika shi da buhuna, 'yan dako na hutawa a inuwarsa. Tsoro ya kama ni.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya jiƙan Ummaru. Ina yi wa Aunty Bilki da yara da duk dangi ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Aunty, ki gafarce ni tun yanzu. Hukumar ta sa ranar sauraron ƙara, kuma zan je in zauna a kujerar Yaya.