Waƙar da Ɗan Yayana Ya Yi wa Kakarsa

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in faɗi wani laifi da na aikata, wanda wasu suka ɗauki nauyinsa a madadina. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa su ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, likita a wani gari na ƙasar Ingila. Da matarsa, ma'aikaciyar jinya a can. Da ɗansu na fari, mai shekara bakwai a lokacin. Da mahaifiyarmu Hajiya, Allah ya jiƙanta, wadda take zaune a gidanmu na Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Sai ƙaninta, Kawu, tsohon hedimasta da ke unguwar Gobarau. Ni kuwa saurayi ne a lokacin, na gama digirin farko a fannin Hausa, na tafi Ingila yin na biyu, na sauka a gidan yayana. Tun ina sakandare ake kirana Malam a gida, domin ba na hayaniya, ba na sauraron kiɗa, kuma ba a yin kuskuren Hausa a gabana in ƙyale. Ina jin daɗin sunan nan fiye da yadda nake nunawa.

Matar yayana mace ce mai tsari. Ta san abin da ke yawo a kunnuwan yara a ƙasar, don haka ta sa wa talabijin ɗin gidan lambar sirri, kuma yaron ba shi da waya. Da na zo, sai ta ce Allah ya kawo mata sauƙi. Ta roƙe ni in riƙa ɗauko shi daga makaranta ƙarfe uku, in zauna da shi har ta dawo daga aiki da magariba, in yi masa tilawar Alƙur'ani, in kuma gyara masa harshe, domin Hausarsa ta fara karyewa. Ƙanwarsa jaririya ce, ana kai ta gidan raino. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini, kada in ba shi waya. Na amsa har da ɗan jin haushi, wai ni za a gaya wa wannan.

Wata huɗu na farko na riƙe amanar. Sai lokacin rubuta kundina ya zo, malamin da ke duba aikina ya matsa mini, yaron kuma ga surutu da tambaya. Wata rana na sa masa karatun Alƙur'ani a wayata, na maƙala masa abin saurare a kunne, na samu shirun awa biyu cur. Washegari na maimaita. Bayan mako guda na daina ma duba abin da yake kunnawa. Abokansa na makaranta suna gaya masa sunayen waƙoƙi, shi kuma ya dawo ya nemo su. Ina ganin kansa yana kaɗawa, na kuma san ba a kaɗa kai haka da tilawa. Sau ɗaya na leƙa, na ga mata kusan tsirara suna rawa a jikin mota, wani ƙato yana nuna su da yatsa. Na ƙwace wayar, na yi masa faɗa. Kwana biyu a tsakani na mayar masa da ita, domin babi na uku bai kammala ba. Abin da kawai na ƙara shi ne na sa ya yi mini alkawarin ba zai gaya wa mahaifiyarsa ba, na ce sirrinmu ne na maza. Haka muka yi wata biyar. A rana nakan gyara masa Hausa sau goma, amma ban ƙara tambayarsa abin da ke shiga kunnensa ba.

Da na miƙa kundin, sai yayana ya yanke shawarar mu dawo gida tare, ni gaba ɗaya, su kuma hutun wata guda. Rabon yaron da Katsina tun yana goye. Na ɗauki nauyin shirya shi: yadda ake durƙusawa, yadda ake amsa gaisuwa ba tare da gajiya ba, da hannun da ake karɓar abu da shi. Na kuma yi masa bayanin wasan jika da kaka. Na gaya masa Hajiya za ta kira shi mijinta, za ta ce shi mummuna ne, marowaci, kada ya yi kuka, domin ƙauna ce, kuma ana so ya rama. Ya yi mamaki ƙwarai, ya tambaye ni ko da gaske yana iya tsokanar tsohuwa ba a dake shi ba. Na ce masa duk abin da ya faɗa mata wasa ne, ba mai taɓa shi. Ban tsaya na tambayi kaina ba, yaron da bai taɓa jin jika yana zolayar kaka ba, daga ina zai ɗauko kalmomin zolayar.

Kwana ɗaya da saukarmu, bayan la'asar, tsakar gidanmu ta cika da 'yan barka da zuwa. Gwaggonni, 'ya'yansu 'yan makaranta, maƙwabta, ga Kawu a kan kujera da kofin shayi. Hajiya tana kan tabarma ta sha sabon atamfa. Aka kawo yaron ya durƙusa ya gaishe ta yadda na koya masa, har mata suna yaba mini. Hajiya ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa dama da hagu, ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Ɗan tsurut haka, ko kuɗin cefane bai riƙo ba? To ni na fasa, a mai da shi inda aka ɗauko shi." Aka yi dariya. Yaron ya waiwayo ya dube ni, ni kuwa na gyaɗa masa kai.

Sai ya miƙe tsaye, ya karkata kafaɗa, ya nuna ta da yatsa, ya fara rera wata waƙar Turanci da sauri, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Baiti huɗu ne ko biyar. A cikinsu ya kira ta da sunan dabba, ya kira ta da sunan matan banza, ya ambaci abin da ba a ambata, ya rufe da ashar ɗin da ake yi wa uwa. Fuskarsa cike da murna, yana jiran a yaba masa. Hajiya ba ta jin Turanci, sai ta hau tafi, tana cewa ashe mijin nata mawaƙi ne, ta dawo da auren. Tsofaffin matan suka taya ta. Amma 'yan makarantar duk sun sunkuyar da kai, matar yayana ta dafe bakinta, Kawu kuma ya ajiye kofinsa a ƙasa. Hajiya ta daina tafin a hankali, ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi abin da ya ce, kowa ya kawar da kai. Sai ta juyo wurina.

"Malam, kai ka karanta Hausa har ƙasar Turawa. Fassara mani, kada ka rage komi."

Na ce waƙar yara ce, yana nufin ita ma ba kyakkyawa ba ce. Kawu bai ɗaga murya ba, ya ce ba haka yaron ya faɗa ba, kuma idan ba zan iya ba, shi zai fassara. Na ga gara ta ji daga bakina. Kaina a ƙasa na fassara mata, ina zagaye abin da zai zagayu, amma ta fahimci sauran. Hannunta yana kan kafaɗar yaron tun da ya gama, sai ta janye shi ta ɗora a cinyarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta yi salati, ta ce shekararta saba'in da wani abu ba a taɓa jifanta da irin wannan ba, sai ga shi daga jininta, a gaban maƙwabta.

Kawu ya jawo yaron ya tambaye shi inda ya ji waƙar. Yaron ya dube ni. Na kawar da ido. Aka sake tambayarsa, yayana har da tsawa, amma bai buɗe baki ba, sai hawaye. Nan take gwaggonni suka samo amsa da kansu: uwar da ke fita da safe ta dawo da magariba, me ake tsammani. Matar yayana ta yi ta rantsuwa cewa ta kulle komai a gidanta, yaron ko waya ba shi da ita. Wata gwaggo ta ce to daga sama waƙar ta faɗo masa ke nan. Ba wanda ya kawo ni a ransa, domin ni ne Malam. Bayan kwana uku manya suka zauna, aka yanke cewa yaron ba zai koma ba, zai zauna a hannun Kawu a Gobarau ya yi boko da Islamiyya har sai ya gyaru. Yayana bai iya musa wa Hajiya ba, ga kunyar da yake ciki.

Ana gobe za su tafi, matar yayana ta tare ni a zaure ina dawowa daga sallar azahar. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Malam, don girman Allah, kai ne kake tare da shi kullum. Ba ka taɓa ganin komai ba? Ko abokin banza, ko wani abu? Kalma ɗaya daga bakinka Hajiya za ta saurara." Na san gaskiya ta faɗa. Da na ce wayata ce, da an zage ni kwana biyu, yaron ya bi uwarsa. Na tuna yadda za a dube ni a gidan, da yadda Kawu yake gabatar da ni ga abokansa. Na ce mata wallahi ban ga komai ba. Ta yi mini godiya, ta roƙe ni in riƙa leƙa yaron.

Shekara biyu da wata uku yaron ya yi a Gobarau. Kawu bai cuce shi ba, kuma Hausarsa ta miƙe har ta fi ta 'ya'yan unguwa. Amma ya zama yaro marar magana. Idan aka kai shi gaida Hajiya, yakan durƙusa daga nesa, ita kuma ta amsa ta kira shi da sunansa na yanka, ta sa masa albarka. Ba ta ƙara ce masa mijina ba, shi ma bai ƙara yin dariya a gabanta ba. Ranar Juma'a uwarsa takan kira shi ta bidiyo, da farko yana kuka yana tambayar ranar da za a zo ɗaukarsa, daga baya sai lafiya lau da to. Ni kuwa idan na je, yakan gaishe ni cikin ladabi ya tashi ya bar wurin. Hajiya kuma duk lokacin da aka ambaci surukarta sai ta ce Allah ya shirya, ta canja magana. Sau da yawa na shiga ɗakinta da niyyar faɗa, in ƙare da tambayar ciwon ƙafarta. Ina cikin jiran ranar da ta dace ta kwanta ciwo, kwana tara ta rasu.

Yayana da matarsa suka zo zaman makoki. Bayan addu'ar bakwai na same su su biyu na faɗi komai, tun daga ranar farko har rantsuwar zaure. Yayana ya ce shi ya tambayi yaron ya fi sau ashirin, da lallashi da barazana, bai taɓa ambaton sunana ba. Ya tashi ya fita. Matarsa ba ta yi kuka ba. Ta ce ta yafe mini nata, don tana son Allah ya yafe mata. Sannan ta ce, "Amma wa zai je ya gaya wa Hajiya ba ni ba ce?" Sun tafi da ɗansu a wannan zuwan. An ce da suka isa, ƙanwarsa ta ɓuya a bayan uwarsu, tana tambayar wane ne wannan.

Na yi tunani mai tsawo a kan wannan al'amari. Waƙoƙin nan suna da guba, kuma a can ƙasashen suna ko'ina, a motar haya, a kanti, a bakin 'yan aji ɗaya. Yaro yana haddace su kafin ya san ma'anarsu, ya ɗauka haka manya suke wasa. Amma ba waƙa ce ta shiga gidan yayana da ƙafarta ba, ni na buɗe mata ƙofa don in samu shiru. Ina kira ga masu renon 'ya'ya a waje, da mu da ke gida, domin wayar nan ɗaya ce: kada a sa wa yaro abu a kunne sai an ji shi tukuna, kuma kada a amince da mutum don kawai ana kiransa Malam. Idan za a koya wa yaro al'adarmu, a koya masa har da iyakarta. Wanda kuma ya yi kuskure irin nawa, ya faɗa a ranar, tun waɗanda ya kamata su ji suna da rai.

Abin da aka rasa shi ne wannan. Yaro ya rasa uwarsa shekara biyu da wata uku, sallah huɗu ya yi ba ita. Uwa ta rasa mutuncinta a wurin surukarta har kabari. Kaka ta rasa wasan jikanta na fari. Ni na rasa yardar ɗan'uwa ɗaya da nake da shi.