Muyassar opa da tef ɗin da muka ce a shafe

Ƙarfe takwas saura kwata Muyassar opa take sauka daga bas. Opa, wato yaya, kiran girmamawa ne ga mace a wajenmu. Ta sayi gurasa mai zafi a bakin titi, ta gangara ɗakin ajiyar sauti da ke ƙasan makarantarmu ta rawar bale, mai tsalle da tsayuwa kan yatsun ƙafa, a Tashkent, tana jan ƙafar hagu. Ta dafa koren shayi, ta tuɓe takalmi, sannan ta kunna kiɗa. Shekara arba'in ke nan tana haka, kuma Juma'ar nan za ta miƙa mabuɗi ta yi ritaya.

Ɗalibanmu ba kullum suke samun makaɗa ba, da kiɗan da aka naɗa suke koyon rawa. Kiɗa ɗaya sai ka iske ƙungiyoyin makaɗa goma sun naɗe shi, kowace da irin hannunta. Aikin opa shi ne ta saurare su duka, ta ce ga wanda za a taka. Ta fi ƙwarewa a kiɗe-kiɗen farkon ƙarnin da ya wuce, masu karkataccen bugun nan da ke rikita ƙafa. Mu da kunne muke ji, ita kuwa da tafin ƙafa. 'Yar rawa ce kafin idon sawunta ya karye tana da shekara ashirin da biyu, kuma har gobe in kiɗa na tashi, leƙa ƙarƙashin tebur ka ga yatsunta suna aiki. In ta gama sai ta ɗauki kati ta rubuta hukunci, ko "na ƙafa" ko "na kunne". Iyakar bayaninta ke nan.

Malama Sanobar shaida ce. Ta taɓa dawowa daga tafiya da wani faifai da ake ta yabo a ƙasashen waje, tana ɗaga shi kamar ta haifo shi. Minti biyu opa ta saurara ta kashe.

"Sanobarjon, wannan madugun makaɗan bai taɓa ganin mutum ya yi tsalle ba," in ji opa, tana kiranta da sunan ƙauna. "Sauri yake kamar ya bar shinkafa a kan wuta."

Sanobar ta yi fushi ta tafi da abinta aji. Kafin azahar yara uku sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ta dawo da faifan ta ajiye.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne, kuma da kunya nake faɗinsa. Shekara talatin da uku da suka wuce, Hikmatilla aka (aka shi ne kiran girmamawa ga namiji), madugun makaɗan da ke yi mana kiɗa a manyan wasanni, ya naɗi ɗaya daga cikin tsoffin kiɗe-kiɗen nan da mutanensa. Minti arba'in. Lokacin tef yana wuya, wanda bai ci jarrabawa ba shafe shi ake yi a naɗi wani a kai. Mu biyar muka zauna yanke hukunci, har da ni, sabon malami mai jin kansa. Muka ce kiɗan ya yi nawa, ga kuma wani dum-dum a ƙarƙashinsa da ya ɓata shi.

Opa ta ce ba datti ba ne, ƙafafu ne. Ta ce mutumin ya sa 'yan rawa a dandamali yana kallonsu yana kaɗawa, inda muke jin ya ja kuwa, jira yake mai tsalle ta sauko. Ni ne na ce mata, opa, kiɗa muka zo ji, ba aikin kafinta ba. Aka yi dariya. Da aka zo ƙuri'ar a shafe, hannu huɗu suka tashi, nata yana kan cinya.

Hikmatilla aka yana baranda yana jira. Da aka gaya masa, sai ya gyara hularsa ya yi mana godiya ya tafi. Bai sake naɗar komai ba, bayan shekara takwas ya rasu.

Watan jiya opa ta shigo ofishina da wani abu a naɗe cikin ɗankwali, ta ajiye a kan tebur. Ashe ranar hukuncin nan ta rubuta "an shafe" a kati, ta saka tef ɗin cikin jakar gurasarta ta kai gida, ta ɗora a kan kabad. Ba ta gaya wa kowa ba, har shi. Fita da kayan makaranta laifin kora ne, ga 'ya'ya biyu, ga miji ya rasu. Daga baya tsoro ya wuce, kunya ta maye gurbinsa: da wane ido za ta ce masa ta yi shiru shekara biyar, shekara shida? Tana cikin shawara da zuciyarta aka kai shi makwanci.

Zafin bazara talatin da uku ya bi ta kan kabad ɗin nan. Tef ya manne da juna. Injiniyanmu Bahtiyor ya yi mako biyu yana lallaɓa shi, abin da ya tsira minti shida ne.

Muka aika aka ɗauko matar marigayin, Tursunoy hola, wato inna Tursunoy, tsohuwa da sanda. Aka ba ta kujerar opa, aka kunna. Sarewa ta fara, goge suka biyo, sai ga dum-dum ɗin nan da na yi wa dariya. Kiɗan ya ja numfashi, ya jira, sannan ƙafa ta dira.

"Wannan ni ce," in ji hola. "Ni ce na yi tsallen nan a dandamali."

Opa ta durƙusa a gabanta da ƙafar nan tata mai ciwo, ta ce a yafe mata, ya tafi yana zaton ba wanda ya ji. Hola ta riƙe kan opa da hannu biyu.

"Tashi, 'yata. Ranar da ya dawo gida cewa ya yi, mutum ɗaya ya ji, ya ishe ni." Ta share ido da bakin mayafi. "Faɗa kawai ya yi. Bai ishe shi ba."

Muyassar opa, ke ce kika ji a ranar da mu huɗu muka kurumce. Ke ce mai ƙafar da ba ta yi wa kiɗa ƙarya. Kina ta zargin kanki a kan minti talatin da huɗun da suka lalace, to ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne. Hannuna ne ya tashi a ɗakin nan, kuma nadamarsa ba ta sake ni ba. Ke kin ceto shida, mu da mun ƙudura kada ko ɗaya ya rage.

Mun gode, opa. Allah ya ba ƙafar nan hutu, ya sa ki ci gajiyar wahalarki. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, ku tuɓe takalmi kafin ku yanke wa aikin wani hukunci, in kuma kun ji abin da saura ba su ji ba, ku je ku gaya wa mai shi tun yana baranda.

Jiya na sauka ɗakin nata na nemi tsohon katin. Na soke "an shafe" da hannuna, na miƙa mata alƙalami. Ta rubuta: na ƙafa.