Ranar da Na Yi wa Ƙugiyoyi Aski

Duk faɗin Manchester, daga Gorton har inda bas yake juyawa, babu Bahaushen da ya san kifi kamar ni. Haka nake faɗa a duk inda aka ajiye mini faranti. Kakana masunci ne a Wudil, mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin kogi tarwaɗa ke leƙowa su gaishe shi. Abin da ba na ƙarawa shi ne, ni a cikin birnin Kano na tashi, kuma kifin da na fi sani shi ne wanda ya riga ya ji mai da yaji.

A shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kansul ta rage mana aiki zuwa kwana uku a mako. Laburaren da nake zuwa karanta jarida ma aka rufe shi. Sai na dawo gida na zama mai duba gishirin miya. Wata biyu mai ɗakina ta jure, sannan ta buga wa ƙaninta waya.

Ƙanin nata likita ne a Birmingham, a Perry Barr yake zaune, kuma Turawan wurin aikinsa sun koya masa fatsa. Wani ƙaton kifin tafki suke nema, wai shi carp. Ya ce in zo ranar Asabar in sha iska. Kafin ranar ya aiko mini da fakiti ta gidan waya: ƙugiya biyar, kowace an riga an ɗaure ta da guntun zarenta tun daga masana'anta, kai dai ka maƙala a igiyar sandarka ka jefa.

Raina ya ɗan sosu. Jikan masunci ake aiko wa ƙugiya ɗaurarriya? Na saka tabarau na duba su, nan take na gano aibu. Kowace ƙugiya tana da wata 'yar jelar zare tana reto a ƙasanta, da ɗan madauki a ƙarshe.

"Kin ga aikin inji ko? Sun manta ba su datse ba. Ba ni almakashinki."

"Maigida, da ka tambaye shi tukuna."

"In tambayi wanda ni na koya wa tuƙi?"

Na yi musu aski tas, duka biyar, na jefa almakashin cikin jakata ko da wani gyaran zai taso a can.

Ranar Lahadin da ke biye gidanmu ne ke karɓar taron zumuncin da iyalanmu na arewa ke yi wata-wata. Na ce mata kada ta kuskura ta sayi kifi, ta dai tanadi attaruhu da citta da babbar tukunya. Na kuma bi magidantan ɗaya bayan ɗaya a waya na shaida musu za su sha farfesun kifin da bai taɓa ganin firiza ba. Na ɗauki babbar kular da muke kai wa biki, na hau bas.

Tafkin yana bayan gari. Turawa ne jere a bakin ruwa, kowa da ɗan tantinsa, shiru kamar ana zaman makoki. Likita ya miƙo mini abincin kifin, wasu 'yan curi-curi kamar ƙananan dawon fura, amma tauri sai ka ce ƙwallon goruba. Na yi bisimilla na danna ɗaya a bakin ƙugiya. Ya zille. Na sake dannawa da ƙarfin gado, ƙugiyar ta shige babban yatsana.

Likita ya karɓi ƙugiyar ya juya ta. "Yaya, ina jelar?"

"Na gyara musu."

"Ka gyara." Ya zauna a kan bokiti. "A jikin jelar nan ake rataya abincin, ƙugiyar kuma a bar ta tsirara. Kifin nan wayo gare shi, zuƙa yake ya furzar. Garin furzarwa ƙugiya ke kama masa leɓe. Dabarar ke nan gaba ɗaya. Guda nawa ka yanke?"

"Ni ba na aiki rabi da rabi."

Ya yi dariya har wani Bature ya leƙo daga tanti ya harare mu. Sannan ya ciro tasa guda, ya zura abincin da wata allura, ya ɗaura, ya jefa mini da hannunsa. Aikina shi ne zama. Na zauna har muka yi azahar, muka yi la'asar, ina ba shi labarin kakana yana duba wayarsa.

Can sai 'yar na'urar da ke ƙarƙashin sandata ta fara kuka. Abin da ya biyo baya, ni dai a wurina kokawar awa guda ce da wata halitta mai girman ragon layya. Likita ya ce minti bakwai ne, kuma shi ya riƙe ragar da aka kwaso kifin da ita. Ko ma yaya ne, kifi ya fito, jibgege, cikinsa rawaya. Na jawo kula na buɗe.

"Yaya, rufe kular nan," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

Wani dattijon Bature mai kula da tafkin ya iso. Aka kwantar da kifin a kan wata katifa da ta fi tawa laushi, aka yayyafa masa ruwa, aka ɗora shi a sikeli. Dattijon ya leƙa fuskarsa ya gane shi, wai har suna gare shi, kuma kifin ya riga ni zama a Ingila. Ya ciro magani ya shafa masa a leɓe. Yatsana yana jini, babu wanda ya ce mini sannu. Aka ɗora mini shi a hannu aka ɗauki hoto, sannan aka ce in durƙusa in mai da shi ruwa a hankali.

"Gobe gidana cike yake da baƙi," na ce da Likita.

"Ai nan ba a tafiya da su. Na ɗauka jikan masunci ya sani."

A gidansa na kwana. Da safe na hau bas da kula fayau a cinyata, na shirya ƙarya uku kafin mu iso, kowace ta fi 'yar'uwarta rauni. Ina tuna fuskokin magidantan nan, musamman wani akanta da bai taɓa manta maganar da aka yi a gabansa ba.

Tun daga bakin ƙofa ƙamshin citta da attaruhu ya tare ni. Na shiga kicin, ga babbar tukunya tana tafasa, kawunan tarwaɗa suna juyi a ciki. Mai ɗakina ta dubi kular, ta dubi yatsana da aka naɗe, ta ci gaba da yanka albasa.

"Ai tun ranar da ka ce kai za ka kamo na je kasuwa na sayo nawa. Kai dai miƙo mini almakashina."