Ranar da Aka Sauke Buhun Kifina

Shekarun da na yi ina tuƙa babbar mota tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma sun koya mini cewa in aka ce kaya sun yi nauyi, to wani ne ya fi ka biya. Da wannan zuciyar na shiga jirgin sama, lokacin da 'yata ta haihu a Abuja. Uwarta ta haɗa mini buhun kifi banda na madatsar ruwan Zobe da yajin jego, ta ce in ban kai ba kada in dawo mata gida.

Bazara ce, bayan azahar, jirgin kuma ƙarami. Mun zauna ke nan matuƙi ya yi magana: zafi ya yi yawa, jirgin ba zai hau sama yadda ya kamata da wannan nauyin ba, za a rage kaya. Ta taga na hango buhuna a ƙasa.

Na kira ma'aikaciyar jirgin. "Yarinya, wa ya fi ni biya?"

"Baba, matuƙi ne ya auna nauyi da zafi. Gobe da safe za a kawo maka."

"Ki dai ce kifin ya yi muku ƙamshi."

Mutane suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Na kusa da ni wani Kirista ne mai aikin banki a Dutsin-Ma. Ya ce in rana ta yi zafi iska ba ta da kauri, fikafikai ba su samun abin dafawa, injin ma ƙarfinsa na raguwa. Na ce ni ban taɓa ganin iska mai kauri ba.

Jirgin ya yi gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. Muna cikin hawa sai ƙarar injin ta sassauta. Na dafe kujera, na juya wurin ma'aikacin bankin.

"Ka ji ko? Ya rage wuta yana tara mai ya sayar. Mu ma mun yi haka a gangare, Allah ya yafe mana."

"Alhaji, ƙarfin tashi daban, na hawa daban. In ya bar injin a yadda ya taso, gajiyar da shi zai yi."

Ni dai kunnena na kan injin har muka sauka.

Hannu wofi na shiga wurin mai jego, ina jin kunya. Washegari da hantsi mijinta ya shigo da buhun, ɗaure yadda yake. Duk da haka na zazzage shi a tabarma ina juya kifin.

"Baba, me kake nema?" in ji 'yata.

Ba abin da ya ɓace. Yarinyar jirgin nan da na kira ɓarauniya a gaban jama'a ban sake ganinta ba, abin yana damuna. Amma har yau ban san dalilin da cikin kayan mutane duka sai nawa aka zaɓa ba.