Ranar da Na'ura Ta Duba Hancin Baffa

Lokacin hutun lakol ne, an rufe makarantu, damina ta kankama, ina gidanmu na Cadawa wajen Inna. Sai ga ƙanena daga Maradi a kan kabu-kabu, ya rungumo jakar kwamfuta. A wani ƙaramin buro yake aiki, suna haɗa wata na'ura mai basira wadda manomi zai kira ta da salula, ya yi mata tambaya da Hausa ta ba shi amsa.

Bayan ya ci tuwo ya buɗe kwamfutar a kan tabarma. Ya ce na'urar tana da kayan aikinta: akwai na duba zuwan ruwan sama, akwai na labarin kasuwa, akwai na ciwon dabbobi. Ita kuwa ba ta san ko ɗaya ba, sai ta ɗan bayanin da aka rubuta wa kowanne. Shi take karantawa ta zaɓi wanda za ta ɗauka.

"Yaya, ke da kika saba gyaran aikin ɗalibai, duba mini ko bayanan nan sun fita."

Na karanta na dabbobin. An rubuta: a yi amfani da wannan duk lokacin da aka ambaci lafiya, gajiya ko rashin cin abinci.

Na ce, "To ina dabbar a ciki?"

"Ai za ta gane. Ta fi ni da ke karatu."

Muna cikin wannan gardama Baffa ya yi sallama. Makiyayi ne daga wajen Sae Sabuwa, aminin marigayi babanmu, kuma ba ya zuwa kasuwar Cadawa bai biyo ya gaida Inna ba. Ƙanena ya ga abin gwaji ya kawo kansa. Ya miƙa masa salula ya ce ya tambayi duk abin da yake so.

Baffa mutum ne mai ladabi, ba ya faɗa wa magana haka kawai. Ya gyara zama, ya cire malafa.

"Ina wuni? Ina gajiya? Kuna lafiya?"

Na'urar ta amsa da murya mai sanyi: "Tun yaushe gajiyar ta fara? Hancin da danshi ko a bushe yake?"

Baffa ya dube mu, sannan ya taɓa hancinsa a hankali. "Da ɗan danshi."

"Ana tuƙa yadda aka saba?"

"Haƙoran dai sun yi saura kaɗan, amma ana taɓawa."

"Akwai ɗingishi? Ƙafar gaba ko ta baya?"

"Yarinya," in ji Baffa, "ni biyu Allah ya ba ni, kuma a jere suke."

Inna ta saki muciya ta dafe bango. Na'urar kuwa ba ta fasa ba, ta ce a ware shi daga garke, a ɗaure shi a inuwa, a kira likitan dabbobi. Baffa ya ce inuwar ya karɓa, ɗaurin ne sai an yi shawara da iyali.

Ƙanena ya fizge kwamfutar, kunya ta kama shi, ya sake rubutu: a yi amfani da wannan in an ambaci saniya kawai. Inna ta share hawayen dariya ta karɓi salula, ta ce akuyarta tana tari. Na'urar ta ba ta haƙuri, ta ce ba ta da abin da za ta taimaka da shi, amma ko tana son jin labarin kasuwar wake?

"Ɗazu ƙofar ta yi faɗi har Baffa ya shige," na ce masa, "yanzu kuma ko akuya ba ta wucewa."

Sai muka zauna muka yi abin a tsanake, ni ina faɗa, shi yana bugawa, muna musu a kan kowace kalma. Muka rubuta cewa wannan na dabbar gida ne, babba ko ƙarama, har kaji. Ba na mutum ba ne. Gaisuwa ba ƙorafi ba ce, a amsa ta a wuce. Kafin komai a tambaya wace dabba ce, me aka gani a jikinta. Shi ya so a ƙara dogon sharhi, ni na ce a saka misali ɗaya ya isa. A nan ya fi ni gaskiya, don sai da muka saka misalai uku ta daina rikicewa.

Ashe Baffa da tambayarsa ta gaske ya zo. Wata karsanarsa ce ta kumbura a gefen hagu bayan ta shiga sabuwar ciyawa. Na'urar ta yi masa tambayoyi masu kan gado, ta ce kumburi irin wannan ba ya son jira, ya nemi likitan dabbobi yau ɗin nan.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ƙanena ya ari babur ɗin maƙwabcinmu ya ɗauki Baffa zuwa wajen likitan, ni kuma na taya Inna kwashe shanya.